Hoton siffa da launi a tafiyar hunturu: abin da na tsinta daga hirar masu kyamara

Mun daɗe muna tattaunawa kan hoton da ba ya nuna abu ƙarara, sai layi da launi da inuwa, kuma bakin kowa ya zo ɗaya: lokacin dusar ƙanƙara ya fi dacewa da shi, domin fari ya riga ya share tarkacen da ke raba hankali.

Shawarar da ta fi kama ni ita ce motsa kyamara da gangan. Ka tsaya gaban itatuwan da suka zubar da ganye, ka bar ƙofar haske a buɗe kamar rubu'in daƙiƙa zuwa daƙiƙa 1, ka ja kyamarar daga sama zuwa ƙasa a hankali. Sai kututturan su koma zirin baƙi a kan fari, tamkar saƙa. Za ka ɓata da yawa kafin ɗaya ya fito, amma wallahi ya cancanci wahalar. Wani ya ce tagar jirgin ƙasa ma tana yi maka wannan aikin.

Sai matsowa kusa: kumfar iska da ta daskare cikin ƙanƙara, ko zanen sanyi a gilashi da sassafe.

Kyamara takan mai da dusar ƙanƙara ruwan toka, don haka a ƙara haske mataki 1 ko 2. Sanyi na shanye batir, a ajiye na biyu a aljihun ciki. Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, ka ƙulle kyamarar cikin leda har ta ɗumama, kada raɓa ta kwanta mata a ciki.