'Yata tana aji biyar amma ta kasa karanta takardar makarantarsu

Baban Khadija, Anguwan Rogo:
Assalamu alaikum jama'a. Ranar Alhamis 'yata ta kawo takardar kiran taron iyaye da malamai. Ina cin tuwo, hannuna duk miya, sai na ce ta karanta min. Layi huɗu ne kacal. Yarinyar nan ta tsaya tana tsintar baƙaƙe ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, ƙarshe ta fashe da kuka. Aji biyar take a makarantar kuɗi, kuma zangon da ya wuce ita ce ta huɗu cikin yara 38. Na buɗe littattafanta, rubutu tsaf, ko'ina maki da jan biro. Ashe kwafa kawai take daga allo. To idan ta huɗu ke nan, na 38 fa? Wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, don Allah ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamar Aji Uku:
Wa alaikumus salam Baban Khadija. Shekarata 17 a firamaren gwamnati, kuma wallahi ban yi mamaki ba. Ajina bana yara sun haura 90. Bencin mutum uku mutum biyar ke kai, sauran a ƙasa. Ku da kuka san sanyin Jos a Disamba da Janairu, ku ƙiyasta ajin da tagoginsa ba marufi. Darasin farko rawar ɗari ce ke cinye shi.

Amma ba cunkoson ne ya fi ci min rai ba. Mai duba makarantu in ya zo, littafin shirin darasina yake buɗewa, ya ga ko na kai inda manhaja ta ce. Ban taɓa ganin wanda ya nuna yaro ya ce tashi ka karanta min layin nan ba. Ƙarshen shekara kowa ya wuce. Na taɓa rubuta sunan yara 20 na ce a maimaita musu aji, hedimasta ya ce, "Malama, waɗanda ke tahowa daga aji biyu a kan wa za su zauna?" Ban da amsa.

Sai maganar harshe. A garin nan ɗan Bahaushe da ɗan Birom da ɗan Afizere, Hausa ce ke haɗa su a filin wasa, amma ranar farko littafin Turanci ake ɗora musu. Tun manufar ilimi ta 1977 aka rubuta cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, ni dai ba a taɓa ba ni littafin Hausa ko ɗaya ba. Da kaina nake satar minti 20 kullum mu yi ba, bi, bu, mu haɗa "baba" da "babu". Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turancin ba ya yi masa wuya sosai daga baya.

Tsohon Ticha, Rikkos:
Malama ta faɗi na gwamnati, bari in tona na kuɗi, don shekara huɗu na yi a ɗaya. Bayan rikicin 2001 iyaye da yawa sun daina yarda yaro ya tsallaka wata unguwa, sai makarantu suka tsiro a kowane lungu, wasu gida ne mai ɗaki uku aka shafa wa fenti. Mai makarantarmu ya fito fili ya ce kada wanda ya biya kuɗi ya faɗi, don gobe uwarsa za ta mayar da shi makarantar bayan layi. Mu kan ba yara tambayoyin jarrabawa da amsoshinsu sati guda kafin lokaci, a ce bita ake. Iyaye ma sai a hankali. Uban da bai taɓa buɗe jakar ɗansa ba shi ne zai yi anko ranar bikin gama nazare.

Alaramma na Gangare:
Ni ban yi boko mai nisa ba, tambaya ce da ni. A wurinmu yaro ba ya wanke allo sai ya biya karatunsa daidai a gaban malam. In ya kwana bakwai a kan aya ɗaya, to ya kwana, ba a yi masa ƙari. Ku kuma na ji ana ƙari saboda shekara ta zagayo. Wa ya kawo wannan tsari?

Maman Abba, Bukuru:
Allah gafarta Malam, akwai bambanci. Almajirinka in ya tsaya a aya ɗaya, tsaransa suna nan gefensa, ba wanda ya tafi ya bar shi. Ni an maimaita wa ɗana aji huɗu. Malamin nan dai, littafin nan dai, ba abin da aka sauya, sai dai ƙannensa sun zama 'yan ajinsa suna kiransa baban aji. Kafin shekara ta ƙare ya ce shi kasuwa zai tafi, kuma ya tafi. In za a tsayar da yaro, a ware masa wanda zai zauna da shi ya koya masa abin da ya rasa. In ba haka ba horo ne kawai.

Ɗan Gareji, Farin Gada:
Mu ne 'yan farko-farkon tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) da aka fara a 1982. Aka ce a ƙaramar sakandare za a koya mana aikin katako da ƙarfe da lantarki. Injinan sun zo kuwa, na gan su da idona a cikin akwatunansu, har na bar makarantar ba a kunna ko ɗaya ba, babu wuta, babu wanda ya iya. Zarto a allo aka zana mana shi. Yau a garejina akwai yara biyu masu takardar sakandare, kiredit bakwai-bakwai, amma na'urar gwajin mota in ta fito da rubutu sai su miƙo min.

Auta, Dilimi:
Baba Ɗan Gareji, kamar da ni kake. Kuɗi muka haɗa aka yi mana rajistar WAEC a wata makarantar ƙauye, amsa a allo aka rubuta, har Turanci da Lissafi na samu. Da na je JAMB, wadda tun 2015 a kwamfuta ake yi, daga ni sai allon kwamfutar, ba mai leƙo min. Sau biyu ina zanawa. Yanzu gyaran waya nake, ina kuma bin lesin da dare, daga littafin aji shida na sake farowa. Kunya ce, amma na faɗa.

Ɗalibar Jami'a:
Baban Khadija, kada hankalinka ya tashi, abin yana gyaruwa. Yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas muna zaune a gida, sai na tara yaran maƙwabta su tara a zaurenmu bayan la'asar. Har da 'yar aji ɗaya na sakandare da ba ta bambance b da d. Ban bi aji ba, na raba su gida uku: masu baƙaƙe, masu haɗa kalma, masu karanta jimla. Wanda ya iya ya matsa gaba ko da sati biyu ya yi, irin na Alaramma. Kafin a janye yajin, bakwai suna karanta labari shafi guda su kuma faɗa maka abin da ya ƙunsa. Biyun da suka rage talla ce ke hana su zuwa.

Baban Khadija, Anguwan Rogo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na je taron jiya Asabar. Ashe ƙarin kuɗin makaranta ne maganar. Na miƙe na ba da labarin takardar, ɗakin ya yi tsit, sai ga iyaye uku sun ce su ma haka. Mun nemi ƙarshen kowane zango a kira yaro ya karanta shafi ɗaya a gaban mahaifinsa kafin a ba da katin sakamako. Mai makarantar ta ce za ta duba. Ƙanwata ɗaliba, da wane littafi kika fara da masu haɗa kalma? Mun soma ba, bi, bu da Khadija bayan magariba, daren jiya ta karanta "tukunya" da kanta, har ƙaninta na aji biyu ya jawo tabarma ya zauna.