Kyanwa ce ke ba da labarin, amma bakina ake ji

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Wata huɗu ke nan ina rubuta wani labari da kyanwa ke bayarwa da bakinta. Da na kai shafi 46 na ba ƙanwata ta duba, ta karanta ta miƙo mini ta ce, "Yaya, wannan ai ke ce kika ɗaura wutsiya." Na ji haushi, amma da na koma na ga gaskiyarta. A shafi na 12 kyanwar tawa tana bayanin yadda maigidan ya ci bashin banki. Ina kyanwa ina banki? Ta gidanmu da nake kwaikwaya, iyakar saninta ƙarar buɗe firiji da ɗumin kwamfutata, wadda take hayewa ta miƙe a kai daidai lokacin da jimla ta fara zuwa mini. Labarin mutuwar aure nake son bayarwa. In na cire duk abin da ba za ta gane ba, labarin ya rushe. In na bari, ta zama mutum. Waɗanda suka karanci irin waɗannan littattafai, yaya marubutan suka yi da wannan?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam 'yata. Kada kyanwa mai ilimi ta firgita ki. A 1905 Natsume Soseki na Japan ya fara fitar da Wagahai wa Neko de Aru a mujalla, wato "Ni kyanwa ne". Muzurun ko suna ba shi da shi, amma kalmar da yake kiran kansa da ita, wagahai, ta manya ce masu ji da kansu, kamar a ce ɗan tsako yana magana da muryar basarake. Ya san adabi, ya san falsafa, ba wanda ya tambayi inda ya yi makaranta. Abin da ya sa ake yarda da shi kuwa, yana ganin abin da mutum ba zai gani ba. Maigidansa malamin Turanci ne, yakan shige ɗakin karatu ya rufe, iyalinsa na zaton nazari yake yi. Muzurun ya leƙa ya same shi yana barci, yawu na zuba a kan littafi. Ba mai jin kunyar kyanwa, shi ya sa take ganin asirin gida. Ki tambayi kanki, a gidan nan naki, me ta gani da idonta wanda miji ko matar ba su gani ba?

Mai Jan Biro:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni hanci zan sa miki a gaba. Virginia Woolf ta rubuta Flush a 1933, tarihin karen mawaƙiya Elizabeth Barrett Browning. Karen bai san me ake nufi da waƙa ba, yana dai ganin uwar ɗakinsa na jan baƙin tsinke a kan takarda tana hawaye. London da Italiya duk ta ƙamshi da wari ya san su. Ki gwada haka: kyanwarki ba ta san bashi ba, amma ta san maigida ya dawo da warin zufar da ba ta saba ji ba, ta san ya daina shafa mata kai, ta san wata takarda da yake ɓoyewa ƙarƙashin katifa. Mai karatu zai haɗa sauran. Af, ki kula da ƙananan abubuwa. Kyanwa ba ta jin zaƙi a harshenta, kare kuma ba ya bambance ja da kore. Na taɓa ajiye wani littafi saboda kyanwar ciki tana santin sukari.

Abu Sadik:
Ni dai 'yar uwa, sai na ce ki sake tunani a kan "ni" ɗin nan gaba ɗaya. Jack London bai ba karensa Buck baki ba a The Call of the Wild na 1903. Shi ne ke ba da labarin, yana biye da karen daga Kalifoniya har ƙanƙarar Yukon, kuma ba wanda ya ji an rage masa komai. Sannan akwai tarkon ƙarshe. Soseki sai da ya sa muzurunsa ya sha ragowar giya, ya faɗa tulun ruwa, yana nutsewa yana ci gaba da ba mu labari. Shi ya ci riba don dama barkwanci yake yi. Labarin mutuwar aure fa?

Ummu Hanan:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Abu Sadik, tawa ba za ta mutu ba, da akwati za a ɗauke ta, ba ta ma san wa ya ci rigimar ba. "Ni" ɗin kuma ina nan a kai. Jiya da daddare na goge bankin daga shafi na 12, na bar ta kwance a kan katifar tana jin takarda na motsi a ƙarƙashinta. Abin da ya ci shafi uku ya koma rabi. Baba, tambayarka ce ta hana ni barci, don ban san amsar ba tukuna.