Mahaifinmu mai cutar Parkinson ya daina sha'awar komai

Ɗan Anguwar Rogo:
Assalamu alaikum. Tun da likita ya ɗora mahaifinmu a kan maganin levodopa saboda cutar Parkinson, karkarwar hannunsa ta ragu har yana riƙe kofin shayi da kansa. Sai dai rediyon da ba ya rabuwa da shi yanzu yana ajiye a bakin taga, kuma ko jikokinsa sun shigo ba ya ɗaga kai. Wasu dangi suna cewa rashin tawakkali ne. Shin daga cutar wannan damuwa take, ko kuwa tunanin halin da ya shiga ne?

Malamar Jinya, Lamingo:
Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. A ganina rashin adalci ne a jingina masa rashin tawakkali. A wannan cuta, ƙwayoyin halittar da ke samar da sinadarin dofamin can cikin tsakiyar ƙwaƙwalwa ne suke mutuwa sannu a hankali, kuma kafin a fara ganin karkarwa, rabinsu ko fiye sun riga sun lalace. Aikin dofamin bai tsaya ga motsin jiki ba, domin shi ne yake sa mutum ya ji marmarin abu har ya tashi nemansa, kuma cutar tana taɓa sinadarin serotonin da ke daidaita yanayin zuciya. Shi ya sa kusan kashi 40 cikin 100 na masu cutar suke fama da ciwon damuwa, wasunsu ma shekaru kafin hannu ya fara rawa, wato tun ba su san suna ɗauke da ita ba.

Kawun Yara, Bukuru:
Ɗan'uwa, ku yi hattara da yanke hukunci daga fuska, saboda cutar tana sandarar da naman fuska ko da mutum yana cikin farin ciki. Ku lura da lokaci: yayana, wanda shi ma yake da cutar, ya fi shiga ƙunci idan ƙarfin maganin ya kusa ƙarewa, sannan ya samu sauƙi bayan ya sha na gaba. Ku rubuta sa'o'in ku kai wa likitansa.

Malamar Jinya, Lamingo:
Gaskiyar Kawu ce. Akwai kuma wani maganin cutar mai suna pramipexole, wanda yake taimaka wa wasu wajen damuwar, amma yakan jefa wasu cikin caca ko almubazzaranci, don haka kada ku saye shi a kemis sai da umarnin likita. Idan kuka ji Baba yana cewa ya gaji da rayuwa, ku kai shi asibiti a ranar, kada ku jira ranar da aka ba ku ta komawa.