Ta yaya zan gane bayanin da na rubuta wa wakilin AI ya yi kyau?

Dan_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina haɗa wa kawuna wani ɗan wakilin AI da zai riƙa amsa wa 'yan sari ta WhatsApp, shagon kayan masarufi gare shi. Tsarin MCP na bi, wato ƙa'idar jona wa AI kayan aikin da zai iya kira, wanda kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban 2024, inda kowane kayan aiki yake da suna, da bayani, da guraben da za a cike masa. Huɗu na yi: nemo_haja, duba_haja, rubuta_bashi da karbi_kudi. Kowanne lafiya lau yake idan na kira shi da hannuna. Amma da mutum ya rubuto "akwai taliya?" sai yau wakilin ya kira na farko, gobe na biyu, wani sa'in ma ya amsa da ka bai kira komai ba. Bayanin na farko "Yana nemo haja", na biyu "Yana duba haja". Akwai ma'aunin da ake auna irin wannan bayani kafin a sake shi ga mutane?

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, wakilin ba ya ganin kod ɗinka ko kaɗan. Suna, bayani da gurabe, iyakar abin da ke isa gare shi ke nan. Ka ɗauka sabon yaron shago ne aka miƙa masa takarda da layukan nan biyu, maigida kuma ya tafi masallaci. Wanne zai zaɓa? Canke zai yi.

Bayanin ya faɗi abin da kayan aikin ke yi, lokacin da za a kira shi, lokacin da ba za a kira shi ba, da abin da yake dawowa da shi. Misali: "Yana faɗin adadin da ya rage a sito da farashin yau na haja guda. Sai an ba shi lambar hajar. Idan sunanta kawai aka faɗa, a fara kiran nemo_haja. Ba ya rage komai daga sito."

Batun ma'auni kuwa, karatu da ido ba ya isa, domin kai da ka rubuta ka riga ka san nufinka. Ka nemi izinin kawu ka kwashi saƙonnin gaske daga wayarsa, ka goge sunaye da lambobin mutane, ka bar su da kurakuransu da gajarce-gajarcensu. Gefen kowane saƙo ka rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da abin da za a cike. Kada ka manta da waɗanda ba sa buƙatar komai, irin "Alhaji ina gajiya", da waɗanda ba su cika ba, irin "a rubuta min bashi" ba adadi, inda daidai shi ne wakilin ya tambaya. Masu binciken jami'ar Berkeley da suka fitar da jadawalin gwajin kiran kayan aiki a 2024, su ma sun ware sashe na gane lokacin da bai kamata a kira komai ba. Ka maimaita kowane saƙo sau da yawa, don amsarsa kan sauya. Ka gyara jimla ɗaya, ka sake gwadawa. Idan ka canza abu biyar a tare ba za ka san wanda ya yi maganin ba.

Umma_Kod:
Injiniya ya yi bayani, amma ni da farko zan tambaya: me ya sa nemo_haja da duba_haja suka zama biyu? Mai tambayar taliya so yake ya ji akwai ko babu, da nawa. Ka haɗe su guda, rikicin ya mutu.

Abin da ya fi ba ni tsoro karbi_kudi ne. Ka rubuta naira ne ko kwabo? Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kwabo yake karɓar adadi, wato naira 5,000 sai an tura 500000. Idan gurbin ya ce "adadi" kawai, wata rana za a caji mai sari naira hamsin. Haka ma'auni: ka ƙayyade masa buhu, katan ko dozin ya zaɓa, kada ka bar gurbin a buɗe. Saƙon kuskure ma bayani ne. "Ba a gane ma'aunin ba, zaɓi buhu, katan ko dozin" zai sa ya gyara kansa, lambar kuskure tsirara irin 400 ba za ta yi ba. Sai dai kada ka zuba shafi guda, domin kowane bayani ana tura shi tare da hirar, kai kuma kake biya.

Baffa_Tsaro:
Ƙari kaɗan, ɗana. In za ka jona kayan aikin da wani ya rubuta, ka karanta bayaninsa har ƙarshe. A Afrilun 2025 kamfanin Invariant Labs ya nuna yadda ake ɓoye umarni cikin bayani, wakili ya bi, mai amfani bai gani ba. MCP yana da alamomi irin readOnlyHint (kayan aikin karantawa kawai yake) da destructiveHint (yana iya goge ko sauya abu), amma wanda ya rubuta kayan ne ke sa su, ba hujja ba ce. Rubuta_bashi kuma kada ya wuce sai kawu ya danna amincewa.

Dan_Kurna:
Allah ya saka da alheri. Zan haɗe biyun. Saura ɗaya: da Hausa zan bar bayanin ko in mayar Turanci?

Injiniya_Zazzau:
Ka rubuta duka biyun, ka gwada su da saƙonnin nan ɗaya, wanda ya fi cin daidai ka riƙe. Ko da Turancin ne ya ci, ka sa sunayen haja yadda 'yan sari ke rubuta su, har da na marasa ƙugiya irin "kwai" da "dan kwali", don da su za a tambaye shi.