Ɗalibata Basiniya ta kasa raba "borrow" da "lend"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a birnin Wuhan na ƙasar Sin, da yamma kuma nakan taimaka wa ƙanwar abokiyar zamana da Turanci. Mako uku ke nan kalma ɗaya ta hana mu gaba. Jiya ta miƙo hannu ta ce "borrow me your pen". Na gyara mata, ta gyaɗa kai, ko minti 10 ba a yi ba ta rubuta "I lent a book from the library". Don Allah wace dabara zan bi?

Wata malamar Turanci daga Zariya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin manta yadda muka sha bulala a firamare kan "borrow me" ɗin nan? Ciwonmu ɗaya da ita. Mu muna cewa "ara mini" da "na ari littafi", tushe ɗaya. Su ma a Sinanci kalmar jiè ce ke ɗaukar duka biyun, sai sun ƙara gěi ake gane bayarwa ce. Ki daina bayani, ki ɗauki biro. Idan yana tahowa wajenki, "borrow from". Idan yana barin hannunki, "lend to". Ku yi ta miƙa wa juna, kowa na faɗin abin da ya yi.

Wani ɗan kasuwa a Guangzhou: Hajiya, ki shirya, akwai saura. Wani abokin cinikina ya taɓa cewa zai yi "borrow" ɗin banɗakin shagona. Na ce to yaushe zai dawo da shi? A Sinanci ladabi ne, har mai neman hanya a cunkoso cewa yake jièguò, wato aron wucewa. Bature kuwa "use" zai ce, tunda banɗaki ba ya ɗaukuwa.

Wani malamin lissafi: Ki jawo ta ta lissafi. 52 a ɗebe 7, ana aro ɗaya daga 5. Turanci "borrow" yake cewa, su ma jiè suke cewa a nan. Wannan za ta kama nan take. Sai dai aron nan ba a mayarwa, haka ma kalmar da harshe ya aro, kamar "tea" da ta samo asali daga harshen mutanen lardin Fujian na ƙasar Sin.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Anti, ashe ni ma sai na tsaya na yi tunani kafin in ce "lend". Gobe da biro biyu zan je.