Gishirin da Radiyeshan ke Rinawa

Shawarar masu gwaji ta fi karkata ga abu guda: kafin ka haska wa ƙwayar gishiri eksire, san abin da ya gauraya da ita. Eksire na rina gishiri, kuma launin yana fitowa ne idan ilektiron (ƙanƙanin abu mai cajin lantarki) ya maƙale a gurbin da kulorin, ɗaya daga cikin sinadaran gishirin, ya bari; wannan gurbi mai ilektiron shi ake kira cibiyar F. Gishirin sodiyam kan koma rawaya-rawaya, na fotasiyam kuwa shunayya.

Ɗan kalsiyam kaɗan a cikin gishirin ya isa ya sa matakin farko na rinin ya yi sauri. Darma da azurfa kuwa wawushe ilektiron suke yi, su ɓata maka lissafi. Shi ya sa aka nace a yanko samfuran gwaji daga ƙwaya ɗaya, don abin da ya gauraya da su ya zama iri ɗaya. A adana su cikin duhu da sanyi, domin haske da zafi na kore launin.