Kwat irin ta ma'aikata da tsohon saƙi: zai ɗauki ɗinkin?

Hamidu, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar teloli da masu sanin yadi. Ina so a ɗinka mini kwat irin shuɗiyar nan ta ma'aikatan Faransa da ake samu jefi-jefi a dilar gwanjo, mai aljihu uku a waje da maɓallai a gaba, amma da tsohon saƙi rinin baba da muka gada a gida. Shin saƙin da ya daɗe a akwati zai ɗauki wannan ɗinki, ko kuwa asarar yadi za a yi?

Usta Bukar, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Hamidu. Zai ɗauka, amma da sharaɗi. Wannan kwat ta bazu a Faransa tun ƙarshen ƙarni na 19 a jikin ma'aikatan masana'antu da na layin dogo, kuma da yadin auduga mai kauri da matsattsiyar saƙa ake yin ta. Saƙinmu kuwa ƙyallaye ne sirara, faɗin kowanne bai wuce tafin hannu ba, aka jera su aka haɗa da allura, kuma a mahaɗar nan yake fara sakewa. Kafin almakashi ya taɓa shi, ka ɗaga shi ga hasken rana ka duba inda ninki ya kwanta shekara da shekaru, sa'an nan ka ja wurin da yatsu. Idan ka ji zare yana tsinkewa, ya riga ya ruɓe. Wanda ya tsira a wanke shi da ruwan sanyi, a shanya a inuwa, domin ya gama tsukewa tun bai zama riga ba. Daga nan tela ya bi kowace mahaɗa da keke, ya sa shafi na farin yadi mai ƙarfi irin wanda masaƙar CICAM ta saba saƙawa a garinku, ya kuma ɗinke aljihun har cikin shafin, saboda shi ne zai ɗauki nauyin waya da makullai.

Hajiya Falmata, Injamena:
Ɗana, idan saƙin babbar riga ce mai aiki a wuya kuma lafiyarta ƙalau, ban goyi bayan a yanka ta ba, domin masu irin wannan aikin hannu sun yi ƙaranci. A nemi gwado ko zanen da ya ci a gefe. Ka kuma sani cewa rinin baba yana zuba, don haka kada ka fara ɗora kwat ɗin a kan farar riga.

Sani, Ngaundare:
A wurinmu da sanyi ya fi na Garwa, shafin ma dole ne. Sai dai a guji ƙusoshin ƙarfe irin na wandon jins, waɗanda Levi Strauss da Jacob Davis suka yi wa rajista a 1873, domin huda tsohon saƙi suke yi. Tela ya maimaita ɗinki a bakin aljihu, ya kuma sa ƙyalle a bayan kowane maɓalli.